Kan kifin da na ba ta da asuba

A gidanmu na Funtuwa na buɗi ido na tarar da kyanwa kamar yadda na tarar da turmi da randa. Innarmu hatsi take sayarwa a cikin gida, masara da dawa da gero, buhu a kan buhu a ɗakin ajiya, kuma inda hatsi yake ɓera ba ya nisa. To amma Inna ba ta taɓa ɗaukar kyanwa a matsayin ma'aikaciyar kama ɓera ba. Kafin a raba mana tuwo sai ta yanki na mage ta zuba mata miya a wani tsohon murfin kwano. In ɗayanmu ya kai mata ƙafa, ranar ya gamu da Inna. Hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, na haddace shi tun ban san harafi ba, don kusan kullum sai Inna ta maimaita mana. Da shi na girma. Abin da ya zauna a zuciyata shi ne, barin kyanwa da yunwa zunubi ne wanda ba a wasa da shi.

Na yi aure aka kai ni Zariya. Inna ta rasu a damina ta 2016. Da aka zo rabon 'yan kayanta, kowa ya ɗauki abin da zai riƙa tunawa da ita, wannan zane, wancan carbi. Ni kuwa na ce a bar mini kyanwarta, wata mai launin toka da farin wuya, muna ce mata 'Yar Toka. A kwali na sako ta cikin mota tana kuka har muka iso. Kwana uku ta yi a ƙarƙashin gado ba ta fito ba. A na huɗu ina zaune bayan sallar asuba ta zo ta kwanta a gefen sallayata daidai yadda take yi wa Inna, tana wannan gurnani na maƙogwaro da Inna kan ce wuridi ne. Na yi kuka ranar fiye da wanda na yi ranar jana'iza.

Matsalar 'Yar Toka ɗaya ce, haihuwa. Sau biyu, wani lokaci sau uku a shekara, huɗu-huɗu, biyar-biyar. Na rarraba 'ya'yan har maƙwabta suka fara kawar da kai in sun gan ni tafe da kwali. Ita kanta ta rame, gashinta ya daina sheƙi. Maigida mutum ne mai haƙuri, amma wata rana da ya tarar an haihu a cikin akwatin rigunansa ya ce, “Ki san yadda za ki yi da magen nan, abin ya isa haka.”

Akwai wani mutum da ke zagayawa unguwarmu a babur da jaka, yana yi wa kaji rigakafi, yana yi wa raguna allura in layya ta gabato. Kowa dakta yake ce masa. Ban taɓa tambayar inda ya yi karatu ba, ba wanda ya taɓa tambaya. Na kai masa kukana, ya ce ai wannan ba komai ba ne, mahaifa za a cire, kuma har gida zai zo ya yi, ba sai na sha wahalar zuwa asibiti ba. Kuɗin da ya faɗa bai taka kara ya karya ba. Muka sa ranar Asabar, cikin Disamba 2018, sanyi ya kankama, hazo ya rufe gari. Yana tayar da babur ya waiwayo ya ce, “Af, kar ki ba ta abinci da safe.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban nema ba.

Daren Juma'a na kulle ta a ɗakin girki don kar ta fita. Tun kafin kiran sallar farko ta fara kuka. Wanda ya taɓa zama da kyanwa ya san kukan yunwa daban yake, yana da ja, kamar na jariri. Na idar da salla tana yi. Na buɗe ƙofa ta taho tana goga jikinta a ƙafata, ta je wurin kwanonta ta tsaya ta ɗago kai ta kalle ni. Muryar Inna kawai nake ji a kunnena. Na ce a raina, za a yanka cikin baiwar Allah nan, ga sanyi, ga yunwa, da wane ƙarfi za ta jure? Akwai ragowar miyar kifi ta jiya. Na ciro kan kifin na marmasa shi a cikin 'yar shinkafa, na ajiye mata. Ta cinye tas, ta lashe kwanon. Na ji sanyi a raina, na ɗauka alheri na yi. Ƙarfe 7 ke nan.

Ƙarfe 9 mai babur ya iso. Yana shimfiɗa leda a kan teburin da ke zaure ya tambaye ni, ko kallona bai yi ba, “Ba ta ci komai ba dai ko?” Na ce, “Ba ta ci ba.” Har yau in na tuna yadda kalmomin nan suka fita daga bakina cikin sauƙi, sai in ji cikina ya juya. Kunya ce ta sa. Na ƙi a ce na saɓa umarni, kuma na ɗauka ɗan kan kifi ba abin faɗi ba ne.

Bai auna nauyinta ba. Ɗaga ta ya yi da hannu ɗaya ya jinjina, ya zuƙi magani daga kwalabe biyu a sirinji ɗaya ya soka mata a cinya. Ba a yi minti biyar ba ta fara tangaɗi, sai ta yi yunƙurin amai. Shinkafar nan da kifin suka fito, rabi a ƙasa, rabi a bakinta, ga shi wuyanta ya riga ya saki. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya sa yatsa da auduga ya share mata baki, ya ce, “Ba komai, haka suke yi.” Ya kwantar da ita rigingine, ya aske cikin, ya kwarara mata ruwa da sifirit har gefen jikinta ya jiƙe sharkaf. Abin da ba na mantawa shi ne idanunta. A buɗe suke tar, ba ƙiftawa, iskar hunturu tana shigowa ta ƙofar zaure tana busa su. Shi kaɗai ne, shi ke yanka, shi ke ɗinki, ba mai duban numfashinta. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Da ya gama ya wanke hannu, ya karɓi kuɗinsa, ya ce nan da awa biyu za ta tashi, a sa ta inda ba hayaniya. Ya tafi. Na ɗauke ta jikinta a sake kamar tsumma na kai ta ɗakin ajiya, na shimfiɗa buhu ɗaya a kan siminti na kwantar da ita, na ja ƙofa don kar yara su dame ta. Na koma na ɗora girki. Na yi wanki. Sau ɗaya na leƙa ta taga na ga tana nan yadda na bar ta, na ce barci take.

Bayan azahar na shiga. Kunnuwanta da tafin ƙafarta sun yi sanyi kamar randa. Numfashinta yana fita da wani ƙara, kamar ana busa kara a cikin ruwa. Na buɗe bakinta, harshen ya daina ja, ya koma shuɗi-shuɗi. Na kira mutumin ya fi sau goma bai ɗauka ba. Na naɗe ta a zanena na rungume ta a ƙirji ina hura mata ɗumin bakina. A hannuna ta cika, ana kiran la'asar.

Maigida ya haƙa rami a bayan gida muka binne ta. Ya ce kwananta ne ya ƙare. Wata maƙwabciya da ta ga idona ya kumbura ta tambaya ko rasuwa aka yi mana, da na gaya mata sai ta yi dariya ta ce, “Haba, a kan mage?” Daga nan na rufe bakina. Ban gaya wa kowa zancen kan kifin ba, har maigida. Kowa ya ɗora laifin a kan mai babur, ni ma na bi su da “Allah Ya isa”, alhali in na kwanta da dare na san akwai nawa kason. Amanar Inna ce a hannuna. Na yi watanni ban iya dafa miyar kifi ba.

A cikin 'ya'yanta na ƙarshe akwai guda ɗaya da ba wanda ya karɓa saboda ƙanƙanta ce, muka sa mata Auta. Ita ta maye gurbin uwarta a gefen sallaya. Na yi wa kaina alkawari cewa ko da me za a yi, wuƙa ba za ta taɓa cikin Auta ba. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Da ta isa neman namiji sai wata ta ba ni labarin allurar hana ɗaukar ciki, irin wadda ake yi wa mata, wai ana yi wa mage ta huta. Na ga na sami mafita. Duk bayan 'yan watanni sai in sa a yi mata. Shekara huɗu muna haka, ba haihuwa, ba kukan dare, ina ganin na yi dabara.

A watan Maris 2023, gab da azumi, Auta ta canza. Ta daina cin abinci, sai ruwa take ta sha. Cikinta ya kumbura kamar mai ciki, alhali na san ba ciki. Tana yawan lasar bayanta, kuma inda ta kwanta sai in ga wani ruwa mai kauri, mai wari. Jikinta zafi. Na ɗauko farasitamol na ɓare rabin ƙwaya zan jiƙa mata, sai 'yata ta fari, wadda lokacin take ajin ƙarshe a sakandare, ta riƙe hannuna ta ce, “Umma, don Allah kar ki ba ta komai. Mu kai ta wurin likita na gaskiya.” Na ce za su ce aiki za a yi. Ta ce, “To in mun bar ta a nan fa?” Ban sami amsa ba.

Muka sa ta a kwando muka rufe da zane, muka hau Keke Napep zuwa wani asibitin dabbobi. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Abu na farko da ta yi shi ne ɗora Auta a kan sikeli, kilo 3.1, ta rubuta. Ta sa mata ma'aunin zafi, ta saurari ƙirjinta, ta ɗaga leɓenta ta danna dasashi ta ga yadda jini ke dawowa. Sannan ta jawo kujera ta zauna ta fuskance ni, ta fara tambaya. Shekarunta nawa? An taɓa yi mata allurar barci? Wane magani kuka ba ta, na asibiti ko na gida? Da na ambaci allurar hana ciki sai ta ajiye biro. Da na ambaci farasitamol kuma ta ce, “Kin ba ta?” Na ce a'a, yarinyar nan ce ta hana. Ta dubi 'yata ta ce, “Allah Ya yi miki albarka.” Ta bayyana mana cewa hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta: jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Haka su ibufurofen da dikulofenak, ƙoda da ciki suke lalata wa kyanwa da kare.

Bayan an ɗauki hoton cikin ta ce mahaifar Auta ce ta cika da mugunya, kuma allurar nan da nake yi mata tana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo haka. Maganinsa a cire mahaifar, kuma ba a jira, don in ta fashe a ciki ko gubar ta bi jini, shi ke nan. Wato aikin da na yi shekara huɗu ina gudu shi ne dai za a yi, sai dai da can da lafiyarta za a yi shi, yanzu kuwa tana kwance. Gudun gara na faɗa gidan zago.

Sai ta yi tambayar: “Hajiya, yaushe rabonta da abinci? Ki faɗa mini daidai, ko da loma ɗaya ce.”

Ban san lokacin da hawaye ya ɓalle mini ba. A gaban 'yata, a gaban baƙuwar da ban taɓa gani ba, na kwashe labarin 'Yar Toka kaf na faɗa, da kan kifin, da ƙaryar da na yi a zaure. Likitar ba ta katse ni ba. Da na gama ta miƙo mini ruwa ta ce, “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da kin faɗa masa, ɗaga aikin kawai ya kamata a yi zuwa gobe. Amma shi ma da ya gaya miki dalili, da ba ki ba ta ba.”

Ta ɗauki takarda ta zana mini wuyan kyanwa, hanyoyi biyu gefe da gefe, ta abinci da ta iska. Ta ce dabba in tana farke, duk abin da ya nufi hanyar iska maƙogwaro zai rufe, ta yi tari ta fitar. Allurar barci tana kashe wannan tsaron. In akwai abinci a ciki kuma ya taso, sai ya gangara huhu tare da ruwan tsamin ciki, ya toshe ko ya ƙone shi. Kuma ɗaya daga cikin magungunan da aka fi amfani da su a nan ƙasar, zailazin, sananne ne wajen sa kyanwa amai. Ɗayan kuwa, ketamin, shi ne ke barin ido a buɗe, shi ya sa ake shafa man ido kafin a fara. Ta ce ba magungunan ne miyagu ba, su ma suna aiki da su, amma da awo ake ba su, gwargwadon nauyi, kuma a dabbar da ba ta wuce kilo uku ba ɗan kuskuren awo babba ne. Sannan ga sanyi. Zafin jikin kyanwa mai lafiya tsakanin 38 ne da 39 da ɗoriya a ma'auni. Allurar barci tana hana jiki riƙe ɗuminsa, ga ciki a buɗe, ga gashi a jiƙe, ga siminti. Jiki in ya yi sanyi, maganin ba ya saurin fita, bugun zuciya ya ragu, barci ya yi ta zurfi. Ta ce abinci, da rashin awo, da sanyi, da barin ta ita kaɗai, kowanne a cikinsu ya isa ya yi kisa, ni kuwa duka suka haɗu a rana ɗaya.

Na tambaye ta gaskiya, Auta za ta tashi? Ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce akwai wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2008, wanda ya bi kyanwoyi wajen 79,000 da karnuka wajen 98,000 da aka sa barci. A cikin kyanwoyi masu lafiya, ɗaya cikin kusan 900 ce ta mutu ta dalilin maganin barci. A cikin marasa lafiya kuwa ɗaya cikin kusan 70. Ta ce Auta tana cikin kashi na biyu, kuma ba za ta ɓoye mini ba. Sai ta ƙara wani abu da ya tsaya mini a rai: a binciken nan, kashi 61 cikin 100 na kyanwoyin da suka mutu, ba a kan teburin aiki suka mutu ba, bayan an gama ne, kuma kusan rabinsu a cikin awa 3 na farko. Daidai lokacin da ni na ja ƙofa na tafi wanki.

Aka kawo takardar amincewa na sa hannu, hannuna yana rawa. Na ɗauka nan take za a shiga da ita, amma sai aka fara ɗibar jini a duba yawansa da lafiyar ƙoda. Aka aske ƙafarta ta gaba aka sa mata 'yar robar jijiya, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi. Likitar ta ce jikin da ya bushe ba ya jure allurar barci, gara a ɓata awa biyu a gyara shi. Robar nan kuma tana nan har a gama, don in wani abu ya taso a sami hanyar ba da magani nan da nan ba sai an tsaya neman jijiya ba. Na tambaya in aka ɗauke wuta fa, ta nuna mini janareta an riga an tayar.

Ban shiga ɗakin aikin ba, amma kafin a rufe ƙofa ta bar ni na leƙa, ina jin don ta ga halin da nake ciki. Auta tana kwance a kan tawul, an zura mata siririn bututu ta baki zuwa hanyar iska, an haɗa shi da tukunyar oksijin. Bututun nan shi ke kai mata iska, shi ne kuma ke tare hanya kar wani abu ya gangara huhu. An maƙala wani ɗan abu kamar maƙalin shanya a harshenta, yana nuna bugun zuciya da yawan iskar da ke cikin jini, yana ƙara ɗit, ɗit, ɗit. Idanunta suna sheƙin mai. A gefenta robobin ruwan ɗumi biyu naɗe cikin tawul, don an ce in aka jingina su kai tsaye suna ƙona fata, dabbar da ke barci ba za ta iya matsawa ba. A wajen kanta kuwa wani saurayi ne zaune da takarda da agogo. Likitar ta ce shi ba ya taɓa wuƙa, aikinsa kawai ya kalli numfashi ya rubuta duk bayan minti biyar.

Muka zauna a benci ni da 'yata. Ta cikin ƙofa nake jin ɗit ɗin nan, da shi nake jan carbi. Sau ɗaya na ji kamar ya yi jinkiri, na miƙe tsaye, 'yata ta jawo ni na zauna. Wajen awa ɗaya aka yi. Da likitar ta fito ta nuna mini abin da aka ciro a cikin tasa, mahaifar da ya kamata ta zama siririya kamar igiyar takalmi ta kumbura ta yi kauri kamar yatsu biyu.

Na ce to mu ɗauke ta mu tafi? Ta ce ina, yanzu aka shiga wurin da ya fi haɗari. Ba a cire bututun ba sai da Auta ta fara haɗiya da kanta. Aka sa ta a keji mai shimfiɗa, aka lulluɓe ta, saurayin nan yana dawowa yana auna zafinta. Aka ba ni kujera a gaban kejin. Na ga kunnenta ya motsa. Na ga ta ja ƙafa. Can wajen magariba ta ɗaga kai da ƙyar, idanunta suna yawo, na kira ta yadda nake kiran ta a gida, ta yi wani siririn kuka wanda sauti bai ko fita sosai ba. Na yi sujada a kan simintin asibitin nan, ban damu da wanda ke kallo ba.

Kwana ɗaya ta yi a can. Da za a sallame mu likitar ta rubuta komai a takarda, ta sa 'yata ta karanta a gabanta. A ajiye ta a ƙasa a ɗaki mai ɗumi, ba kan gado ba, don tana iya faɗowa. Abinci kaɗan-kaɗan. Magani sai wanda aka ba mu, a kan lokacinsa. A duba ɗinkin safe da yamma, in ya kumbura, ko yana ruwa, ko ya buɗe, ko dasashinta ya yi fari, ko numfashi ya yi wuya, a kira ta ko tsakar dare ne. Aka sa mata wata kwalar roba mai kama da mazurari don kar ta lashi wurin ta tsinke zaren. Auta ta tsani kwalar nan, tana tafiya da baya tana karo da bango, tana kallona da idon roƙo. Sau nawa hannuna ya kai zan cire mata. Sai in tuna wancan kallon na asuba a ɗakin girki, in janye hannun. Kwana 12 aka cire zare.

A daren da muka dawo da ita na gaya wa maigida zancen kan kifin. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, “Shekara huɗu kina ɗauke da wannan ke kaɗai?” Ya ce shi ma yana da nasa, don shi ya matsa, kuma shi ya ce a bar wa mai babur saboda sauƙin kuɗi.

Tun daga nan mutanen unguwa suka mai da ni wurin tambaya in za a yi wa dabbarsu aiki, ni da ba likita ba. Abin da nake iya gaya musu shi ne abin da na biya da tsada kafin na sani. Likitan dabbobi shekara shida yake yi a jami'a, kuma akwai Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya da ke riƙe da rajistarsu, don haka ba rashin kunya ba ne ka tambayi mutum ko yana da rajista kafin ka miƙa masa rai. Ka tambaya za a auna nauyi, wa zai kalli numfashi, wa zai zauna da ita in an gama. Zancen hana abinci kuma ba ɗaya ba ne ga kowace dabba. Ga babbar kyanwa ko kare mai lafiya, wasu likitoci awa 4 zuwa 6 suke cewa yanzu, wasu tun daga dare, ruwa kuwa galibi ana bari. 'Yan jarirai ba a daɗe da hana su don sukarin jininsu yana faɗuwa. Zomo ba a hana shi, shi ba ya amai. Rago da akuya nasu ya fi tsawo saboda tumbi. Wani yaro da zai kai karen gadinsu a yi masa fiɗiya ya ce mini kakarsa ba za ta iya jin kukan karen ta ƙyale ba. Na je da kaina na zauna da tsohuwar na ba ta labarin 'Yar Toka, muka yi kuka tare, ta ɗauki kwanon karen ta ba ni na tafi da shi gidana ya kwana.

Bara haƙorin Auta ɗaya ya ruɓe, likitar ta ce sai an sa ta barci za a cire. Aka ce daga tsakar dare kar ta ci komai. Na kwashe kwanoni, na rufe tukwane, na gargaɗi yara ɗaya bayan ɗaya. Kafin kiran sallar farko ta fara kukan nan mai ja, irin na uwarta sak. Na idar da salla, ta je inda kwanonta yake zama ta tsaya, ta ɗago kai ta kalle ni. Ƙirjina ya yi nauyi kamar wancan karon, muryar Inna ma ta dawo. Na ɗauke ta na ɗora a cinyata a kan sallaya, ina shafa farin wuyanta, tana kuka ina ba ta haƙuri, har rana ta fito 'yata ta kawo kwando.